Ƙwayoyin Haƙorin Yaya Habu

Juma'a da dare, watan Sha'aban, Unguwar Gai

Na iso gida daga Kano a gajiye, ko tuwon da Inna ta ajiye mini ban iya ci ba.

Ƙwayoyin halittar da nake reno a ɗakin bincike sun tsufa. Daga cikin haƙorin Yaya Habu na ciro su, wanda aka cire masa wata biyu kafin rasuwarsa. Shi ya ce in ɗauka, yana dariya, wai gudummawarsa ce ga digirina. Wata bakwai ke nan ina canza musu ruwan abinci. A da kwana huɗu suke cika kwalba, sirara gwanin kyau. Yanzu kwana goma sha biyu ko rabi ba su kai ba, duk sun baje. Dakta mai duba aikina ya leƙa ya ce, "Zulai, sun gama. Rubuta abin da kika gani, Litinin a zubar."

Gaskiyarsa ce, dama tsufan nasu muke aunawa.

Ban yi niyyar faɗa wa Inna ba, amma ta ga fuskata. Da na gama yi mata bayani, sai ta ce, "Duk watannin nan akwai wani abu na Habu da rai, ba ki gaya mini ba?"

Na ce, "Ba shi ba ne, Inna, ɗan nama ne kawai."

"Ko nama ne, ba za a zuba shi a shara ba. Ki kawo a binne."

Na ce to. Har yanzu ban san ta inda zan fara yi wa Dakta maganar ba.