Zanen Uwar Magdalena

Jigwada, Keffi
16 ga Maris, 1975

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Zubaidatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, yaya Zariya, yaya fama da karatu? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Inna tana gaishe ki. 'Yarki Huraira ta ce ba za ta ci tuwon kowa ba sai naki, amma kullum har rabona take haɗawa.

Kin ce in daina aiko miki da layi uku kamar takardar asibiti. To, gyara zama.

Bana littafin da aka ɗora wa 'yan aji huɗu a adabin Turanci wani tsohon wasan kwaikwayo ne na Turawa. Labarin wata 'yar talla ce ta bakin titi, wani masani ya ɗauke ta ya yi ta gyara mata baki har ta zauna cikin manyan gari ba wanda ya gane asalinta. Wata biyu ina karanta musu suna hamma. Sai na ce bari mu tashi mu yi shi a dandamali ranar ba da kyaututtuka, firinsifal kuwa ya yarda.

Wadda na zaɓa ta fito a 'yar tallan sunanta Magdalena Boaz, daga wani ƙauye bayan Agwada. Kai gare ta kamar me, amma in ta buɗe baki da Turanci sai aji ya fashe da dariya. Hausar ma sai kin kasa kunne. Na ce yauwa, abin nema ya samu, abin da aka yi a littafi ni zan yi shi a fili. Kullum bayan la'asar tana tsaye gaban madubinki, wanda na ɗauko ba da izini ba, ina nuna mata inda za ta ajiye harshe.

Damuwata ɗaya ce, uwarta Filomina. Mijinta ya rasu, kuma yarinyar nan ce kaɗai gare ta. Duk ranar kasuwa sai ta zo bakin shingen makaranta da dafaffiyar gyaɗa a ƙulle, su tsuguna suna yarensu suna ƙyaƙyata dariya. Washegari sai in tarar bakin yarinya ya koma gidan jiya, wahalar mako guda ta tafi a banza. Shekaranjiya raina ya ɓaci. Na hana Magdalena zuwa shingen sai an gama wasa, na ce in na sake jin yare a bakinta, langalanga ce da yankan ciyawa kamar yadda doka ta ce. Na kuma sa maigadi ya gaya wa uwar ta dakata da zuwa. Yarinyar ta yi kuka, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata uku ne fa kawai.

Ki gaida abokan karatunki. Allah ya ba da sa'a.

Naki har kullum,
Zailani

Jigwada, Keffi
22 ga Yuni, 1975

Zubaidatu tawa,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Inna da Huraira suna lafiya. Ni ma jikina lafiya, zuciyar ce ba daɗi.

A wasiƙarki kin ce kada in shiga tsakanin uwa da 'yarta, na yi dariya na ce surutun mata ne. Ki yafe mini. Jiya aka yi wasan.

Zauren taro ya cika maƙil, har da jami'in ilimi daga Jos. Ashe wani ɗan ƙauyensu ya gaya wa Filomina cewa ranar za a nuna 'yarta gaban manya. Ta taso a ƙafa tun da asuba, ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta yafa na biyu a kafaɗa, ta sami wuri can baya ta zauna. Matar nan ba ta taɓa ganin wasan kwaikwayo ba. Wadda za ta yi mata bayani kuwa, ni na raba su.

Aka ja labule. Ga Magdalena zaune a ƙasa cikin tsumma, mun shafa mata gawayi a fuska, ga kwandon talla a gabanta. Julius, ɗalibin da ya fito a masanin, yana tsaye a kanta yana daka mata tsawa yana nuna ta da sanda, jama'a suna ta dariya. Don Allah ki duba: wata uku ba ki ga 'yarki ba, sai ki same ta a haka.

Kafin mu ankara Filomina ta ratsa mutane ta hau dandamali. Ta cire zanen kafaɗarta ta lulluɓe yarinyar, tana goge mata fuska da bakinsa, sannan ta juya kan Julius tana zazzaga masa faɗa da yare. Wuri ya kaure da ihu. Wasu har da buga benci.

Ina tsaye bayan labule. Magdalena ta ɗago ta dube ni, idonta ya ciko. Wallahi, Zubaidatu, da na gyaɗa mata kai kawai, da ta kama hannun uwarta ta yi mata magana biyu da yarensu, shi ke nan. Amma jami'in nan na hango a kujerar gaba. Sai na ɗora yatsa a baki, na yi mata alama da hannu ta ci gaba. Dama na sha gaya musu ko rufi ne ya faɗo, ba a fita daga wasa.

Ta miƙe tsaye. Ta zame zanen ya faɗi ƙasa. Da Turancin nan da na kwashe wata uku ina gogewa, tas, ba gargada, ta ce a zo a fitar da matar nan. Aka ɗauki tafi, don da yawa sun zaci cikin wasan ne. Uwar ba ta jin Turanci, amma ta ga hannun da aka nuna mata ƙofa da shi. Firifet biyu suka zo, ba ta yi musu gardama ba.

An gama wasa, jami'i ya riƙe hannuna yana yabo, ya ce a kawo wasan Jos. Na fita neman Filomina har tasha ban same ta ba. Zanen yana wurina, na ninke shi. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba.

Ki rubuto da wuri, ko faɗa ne ina so.

Mijinki,
Zailani

Jigwada, Keffi
10 ga Agusta, 1975

Zuwa ga Zubaidatu,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma tambayar lafiyarki. Wasiƙarki ta iso, na gode da ba ki ce ai kin gaya mini ba. Mutanen gida duk lafiya, ruwa kuma ana samu, alhamdu lillahi.

Na bi shawararki. Da aka yi hutu da mako biyu na ari babur na tafi ƙauyen. Hanya ta ɓaci, daga Agwada sai da na tura shi. Na shirya a zage ni, har na tsara abin da zan ce.

Ko kusa. Filomina tana ganina ta zube ƙasa tana gaisuwa. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce an yi mata bayani, ta gane ita ce ta ɓata aikin makaranta, don Allah kada a kori yarinya saboda jahilcinta. Na ce ni ne mai laifi, na faɗa har sau uku. Ta ce malami ba ya laifi. Na miƙa mata zanen, ta karɓa da hannu biyu ta kai ɗaki.

Sai ga Magdalena ta fito, ta rame har wuya. Ta ɗauki tulu za ta rafi, uwar ta yi wuf ta karɓe. Ta ɗauki tsintsiya, ita ma aka karɓe. Ta durƙusa tana yi wa uwar magana da yarensu, ko ban ji yaren ba na san roƙo ne. Uwar ta amsa mata da Hausa, yadda take amsa mini. Ta kira ta Malama, tana ce mata "ku" irin na girmamawa, ta ce su zauna su huta, kada su ɓata hannunsu. Babu fushi a fuskarta ko kaɗan, ladabi ne zalla. Da uwar ta shiga madafa yarinyar ta gaya mini tun ranar da ta dawo haka ake. Ta yi kuka, ta kai ƙara wurin fasto, ta turo dattawa. Uwar ta ce ita ba ta riƙe kowa a zuci ba, ta dai san matsayinta ne yanzu.

Da azahar aka fito da kujeru biyu da aka aro daga coci. Aka kawo sabuwar doya da manja a kwanon baƙi guda biyu, kowanne da murfi da cokali, aka ajiye ɗaya gabana, ɗaya gaban Magdalena. Uwar ta koma bakin murhu ta juya mana baya tana cin nata da hannu. Haka muka zauna, ni da yarinyar, a tsakar gidan da aka haife ta, ba wanda ya iya buɗe murfin.

Da zan tafi Filomina ta rako ni har bakin hanya. Ta sa mini albarka, ta ce Allah ya saka mini, na mai da 'yarta babbar mutum. Zubaidatu, da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Ki gaida kowa. Ki sa yarinyar nan a addu'a, ni ma ki sa ni.

Ni ne mijinki,
Zailani Dabo