Karatu a Juye

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da yara da Umma. Yaya ciwon gwiwarta?

Karatun digiri na biyu ya kankama. Mu goma sha biyu ne a aji, duk malaman firamare, ana nuna mana yadda yaro ke koyon karatu. Shekara tara ina koyarwa, sai yanzu na gane ko rabin aikin ban sani ba. Jiya Farfesa ta ce kowa ya rubuto yadda shi kansa ya koyi karatu. Na zauna awa guda gaban takarda, ban tuna komai ba sai rular malamin aji ɗaya a bayan hannuna. Wai me na yi masa? Ke ce babba, ki tuna min don Allah.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, gwiwa da sauƙi.

Na yi dariya har maƙwabciya ta leƙo. Ashe kin manta! Ai ba shi ya koya miki ba, da karatunki kika shiga makaranta. Laifinki ɗaya, a juye kike riƙe littafi, kansa ƙasa. In ya gyara miki sai ki yi tsit, yana ba da baya ki mayar, ki zuba kamar rediyo. Shi kuwa ya ɗauka rainin hankali ne.

Ga yadda aka yi. Kullum bayan la'asar nakan zauna a ƙaramin teburin nan na gindin taga ina bita. Umma ta kafa min doka: in ɗaga murya, in bi kowace kalma da yatsa, wai don ta tabbata ba wasa nake ba. Ita tana ɗaya gefen tana fuskantata, ke kina kan cinyarta. Shekara biyu kina kallon yatsana daga can.

Allah ya ba da sa'a.
Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Sau uku na karanta wasiƙarki. Na juya littafi a ɗakin karatu na gwada, wallahi har yanzu karatun yana tafiya.

Amma wani abu ya tsaya min a rai. Mun tashi mun san Umma ba ta iya karatu ba. To wanda bai iya ba, ta yaya yatsa zai nuna masa ana wasa ko ba a yi? Kuma ba ni kaɗai ce a wancan gefen teburin ba. In 'yar shekara huɗu ta ɗauka, babba fa? Kin lura yadda take juya kwalin magani kafin ta sha?

Yaya, shekara talatin muna karanta mata takardu, har da sakamakon gwajin Baba na ƙarshe a asibiti, wanda muka karanta mata rabi muka haɗiye rabi. Kada ki tambaye ta, za ta ji kunya. Ki zauna gabanta da wata takarda kawai, ki gani.

Taki,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarki na shimfiɗa a tebur, na zauna gaban Umma kamar ina karantawa. Ta ƙasan ido na ga leɓenta na motsi. Da ta kai ƙarshe sai ta gyara zama ta ce, "Takardar babanku tun a barandar asibiti na karanta ta a hannunki. Na ga kuna ƙoƙari, na ƙyale ku."

Na ce, "Umma, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Ta ce in gaya miki, in kin samu hutu ki taho da biro da littafi. Rubutun ne ya gagare ta.

Ki huta lafiya.
Yayarki