Kekenka a Cikin Ambulan Ɗari da Sittin da Uku

Zuwa gare ka, maigidana, inuwar da na zauna a ƙarƙashinta shekara arba'in da shida ina yabon kaina da iya jure rana. Rijiyata mai ruwan sanyi, wadda na sha har na manta cewa hannun wani ne ya haƙa ta. Ruwan farkon damina a kan ƙasar zuciyata, ƙasar da kowa ya shaida taurinta. Ina gaishe ka gaisuwar girma da ƙauna, tare da tambayar idanun nan naka da suka dushe, waɗanda duk da haka ban taɓa samun madubin da ya kai su gaskiya ba.

Ka ga na rubuta da manyan baƙaƙe, da alƙalami mai kaurin baki, layi biyar kacal a kowane shafi. Ka ɗauki gilashin ƙara girman rubutu ka karanta da kanka, ko da zai ɗauke ka kwana uku. Kada ka miƙa wa surukarmu. Yarinya ce mai ladabi, amma abin da ke cikin takardar nan ban taɓa faɗa wa mahaluki ba, kuma ba zan fara da bakinta ba.

Yau mako goma sha uku ke nan da babban ɗanmu ya ɗauke ka zuwa gidansa, wai don ka kusanci asibitin ido. Likita ya gama da kai tun a mako na uku, na sani, domin na tambaya. Me kake yi a can har yanzu? Wane irin barci ne ya yi maka daɗi a kan katifar baƙi? Maimakon ka dawo, sai ka aiko mini da mai sayen tsohon ƙarfe, ya tsaya a ƙofar gida da amalankensa, ya ce an ce ya ɗauki keken da ke rataye a ɗakin ajiya. Kekenka na tsere! Mai siraran tayoyi, mai kai lanƙwashe kamar ƙahon rago, shuɗi irin shuɗin sama bayan an ɗauke ruwa. Na dubi mutumin nan ta saman tabarau, kallon da ɗalibai suka yi shekara talatin da ɗaya suna gudu a ɗakin karatun kwaleji, sai ya juya amalankensa ba tare da sallama ba.

Ko ka manta abin da keken nan ya gani? Ni ban manta ba. Kai ma'aikacin layin tarho ne a lokacin, abokanka suna kiranka Walƙiya, domin babu wanda ya taɓa ganin bayanka sau biyu a kan titi. Ka tsaya a gangaren kwaleji ka ce in hau ka rage mini hanya, ni kuwa rungume da littattafai na ce ƙafafuna ba na aro ba ne. Ba ka yi musu ba. Ka sauko, ka kama kan keken, ka jera da ni a ƙasa har ƙofar gidanmu. Washegari ka sake, jibi ma ka sake, har shekara biyu. Mutumin da ya fi kowa gudu ya koyi tafiyar ƙasa saboda taurin kan yarinya guda. Ƙarar nan ta ƙafar baya, tik-tik-tik, idan ana tura keke ba a taka shi ba, ita ce kiɗan da aka nemi aurena da shi. Shi ne za ka sayar a kan sikeli, kilo-kilo, tare da fasassun tukwane?

Ranar na yanke shawara, kuma ka san yadda nake idan na yanke. Na ce zan gyara shi da hannuna, ni kaɗai, ya koma yadda yake ranar da ka fara tsayawa a gangaren nan, sannan in aika a ce ka zo ka gani. Ban taɓa riƙe sifanar kwance noti ba, amma na ce mece ce sifana ga wadda ta tsara littattafai dubu arba'in? Na samo littafin gyaran keke mai zane-zane, na karanta shi sau biyu, na ja layi a ƙarƙashin muhimman wurare. Na kwashe kwanuka daga teburin cin abinci, na shimfiɗa tsofaffin jaridu, na sauko da shi da kaina daga ƙugiya, kafaɗata tana kuka.

Hasken idona, da ka ga abin da tsatsa ta yi mini. Ta kama kowane noti kamar kaska a kunnen sa. Na jiƙa su da kananzir, na jira, na sake jiƙawa. Farcena uku sun karye. Baƙin giris ya shiga layukan tafin hannuna ya zauna, sabulu ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya haƙura. Fedar hagu kaɗai ta ci mini kwana huɗu, ina murɗa ta yadda ake kwance kowane abu a duniya, ashe ita a baibai take kwancewa, duk ƙarfin da na zuba ɗaure ta nake ƙara yi. Littafin ya faɗi haka, a wani ɗan ƙaramin rubutu a gindin shafi na tamanin da bakwai. Wane marubucin kirki ne zai ɓoye magana irin wannan a gindin shafi? Amma na ci nasara. A cikin mako uku na kwance keken nan kaf, na kankare, na goge, har kowane ƙarfe ya riƙa ƙyalli kamar kifi a cikin ruwa. Na tsaya a kan teburin nan ina jin kaina a sama.

Yanzu ka saurara da kyau, domin abin da zan faɗa ba zan maimaita ba. Na adana kayan yadda na iya adanawa. Kowane abu na nemo sunansa a littafi, na sa shi a ambulan, na rubuta sunan a baya da rubutuna mai kyau, na jera ambulan ɗin a kwalayen takalmi bisa jerin haruffa, ɗari da sittin da uku. Kuma da yake doka ce a wurina cewa masu kama da juna kanta ɗaya suke zama, sai na haɗa notocin gaba da na baya a wuri guda, wasoshi, zobban ƙarfen nan da ake sawa a ƙarƙashin noti, duka a wuri guda, ƙwayoyin boris kuwa, waɗannan ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ƙafa ke juyawa a kansu, na zuba su duka a ambulan ɗaya, na cibiyar gaba da na cibiyar baya da na wuyan keke. Babu abin da ya ɓata. Ka tambaye ni kowane ƙarfe, zan ciro maka shi kafin ka rufe baki. Abu ɗaya kawai ban rubuta ba: wanne ne ke bin wanne.

Mako shida ke nan ina ƙoƙarin mayar da shi. Ƙwayoyin boris ashe girma uku ne, idona kuwa duk ɗaya yake ganinsu. Na haɗa ƙafar gaba sau goma sha ɗaya. Idan na ɗaure, sai ta riƙa gurza kamar dutsen niƙa. Idan na sassauta, sai ta riƙa rawa kamar haƙorin tsohuwa. Birki yana da wasoshi biyar da wata lanƙwasasshiyar waya mai tsalle, wadda ta kuɓuce mini ta faɗa bayan firiji, na yi rarrafe da gwiwoyin shekara saba'in da ɗaya ina laluben ta da sandar tsintsiya. Zanen da ke cikin littafin na wani keke ne, jikan naka, ba su haɗa komai ba sai ƙafa biyu. Ina cin abincina a tsaye a kicin domin teburin ya zama asibiti. Ƙashin keken yana jingine da bango, tsirara, yana kallona. Sau biyu na ɗaga sifana zan jefe shi. Ni, wadda ban taɓa ɗaga murya a ɗakin karatu ba, na zagi ƙarfe da kalmomin da ban san na sani ba.

Shekaranjiya na ajiye girman kai, na ɗauki kwali ɗaya na tafi wurin mai gyaran keke na bakin mahaɗa. Ya goge hannu a wandonsa, ya buɗe ambulan uku, ya zazzage boris a tafinsa. Ya ce, "Mama, keken nan ya girme ni. Irinsa sai wanda ya saba kwance shi. Wa ya yi miki wannan aika-aika?" Na ce wani ne na sa. Ya ce, "To ki sallame shi, Mama. Rubutunsa dai kamar na ɗab'i, amma ko baro kada ki sake ba shi." Na karɓi kwalina, na gode masa cikin mutunci, na tako gida kunnuwana suna zafi.

A hanyar ne na tuna farin ƙyallenka. Kowace shekara idan damina ta wuce, kakan shimfiɗa shi a tsakar gida, ka kwance keken nan kana ajiye kowane ƙarfe daga hagu zuwa dama, babba kusa da ƙarami, noti kusa da waya, babu suna, babu lamba. Nakan wuce da tsintsiya in ce wannan wane irin hargitsi ne. Kakan ce, ba tare da ka ɗago ba, "A jere suke, Malama, kada ki taɓa." Ni kuwa sai in yi dariyar masu ilimi. Shekara arba'in ina wuce wannan ƙyalle, ban taɓa tsugunawa na duba ba. Kai kana jera su yadda suke zaune da juna, ni na jera su yadda ake kiransu. Wanne ne ilimi a ciki, abin alfaharina? Amsar tana kan teburina a cikin kwalayen takalmi.

Daga ƙyallen sai tunanina ya kai ga hannun ƙofar kicin. Mako ɗaya kafin ka tafi, kana gyara shi da lalube, a hankali, sukuru ya faɗi kana neman sa da yatsu a ƙasa. Na fizge sukudireba daga hannunka na ce in na jira ka sai gobe. Ka miƙe, ka kakkaɓe gwiwa, ka ce, "To, Malama. Ashe aikina ya ƙare a gidan nan." Na ɗauka wasa kake. Ba asibiti ne ya ɗauke ka ba, wannan sukudireba ce. Ko gyaran keken ma, da na gama shi ni kaɗai kamar yadda na ƙudura, me zai gaya maka in ban da abin da na gaya maka a bakin ƙofar kicin? Da na aika maka da kyautar da za ta tabbatar maka cewa ba a bukatarka. Allah ya rufa mini asiri da ya hana ni iyawa.

Saboda haka ga abin da na zauna rubutawa, bayan shafuka masu yawa na kewaye-kewaye. Na kasa. Ina bukatarka. Na dubi waɗannan kalmomi a kan takarda, hannuna yana ƙaiƙayin soke su, na bar su. Yatsunka sun san ƙwayar gaba daga ƙwayar baya ko a cikin duhu, sun san inda noti ke cewa ya isa. Ka dawo ka zauna a kan teburin nan. Ni zan zama idonka: ka ce kaza, in ciro, in sa a tafinka, in yi shiru. Ban yi alkawarin shiru na har abada ba, kada ka yi mini ƙarya a gaban yara, amma na yi alkawarinsa har ƙafar gaba ta juya ba gurza ba rawa. Na san ba za ka ƙara hawansa a titi ba, likita ya gaya mini, ban kuma yi jayayya da shi ba sai kaɗan. Ba don a hau nake so a haɗa shi ba. Gidan nan ya yi mini faɗi, sanyin idona. Ina dafa shayi kofi biyu in zubar da ɗaya. Ina karanta jarida in ɗago in yi gyara a kan wani labari, sai in ga kujerarka, babu mai ce mini in bar mutane su huta.

Idan kuwa ka ƙi, to ka san wadda ka aura. Ranar Asabar mai zuwa zan shiga mota in zo gidan ɗanka da ƙafar gaba a hammata da gwangwanin giris a jaka. Zan zauna a tsakiyar falonsu, a kan farin kafet ɗin da surukarmu ke hana jikokinmu takawa da takalmi, in buɗe aiki a gabanka. Asabar ta sama in dawo da birki, ta samanta da sarƙa, haka har sai ko keken ya haɗu ko su da kansu sun naɗe kayanka sun sa ka a mota. Ka zaɓi wadda ta fi maka sauƙi. Ni dai kowacce ka zaɓa, kusa da kai zan zauna.

Ban taɓa roƙon kowa komai ba, kuma ba ni da niyyar sabawa. Kai kaɗai na roƙa, kai kaɗai zan roƙa, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu.

Taka, mai taurin kai, mai baƙin giris a tafin hannu, wadda ba ta da wani sai kai,

Malamarka