Ni Na Ƙona Fasfon 'Yata, Amma Wa Ya Sa Ta Nemi Fasfo?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban asibitin da 'yata Falmata take aikin jinya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da Yallaɓai, da iyali, da fama da jama'a. Ban ambaci sunanka ko na asibitin ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Ka san kanka, asibitin ma ya san kansa. Ni ne mahaifin Falmata, doguwar nas ɗin nan ta ɗakin mata. Sana'ata gyaran fanka da dutsen guga a unguwar Bolori, nan Maiduguri. Karatuna a aji biyu na sakandare ya yi faci, har yau ba a samu mai liƙe shi ba, saboda haka duk inda alƙalamina ya yi tuntuɓe a yi mini afuwa.

Bari in fara da laifina kafin in zo kan naka.

Tun da ambaliya ta shiga gidajen mutane a garin nan ta mayar da takardunsu kunu, na yi alkawarin ruwa ba zai taɓa cin takarda a gidana ba. Na sayo ledar nan ta laminatin. Masu shago kuɗi suke karɓa a kan kowace takarda, ni kuwa ga duwatsun guga na jama'a jibge a shagona, me zai kai ni? Na liƙe takardun haihuwa, na liƙe katin rigakafi, har rasit ɗin tsohon kekena bai tsira ba. Wata biyu da suka wuce, ina binciken abin da ya rage, sai na ci karo da wani ɗan koren littafi a jakar Falmata. Fasfo ne. Ban san ma ta yi ba. Mai hankali kiran 'yarsa zai yi ya tambaya. Ni sai na buɗe shafin hoton, na sa leda, na ɗora dutse. Ashe shafin ma kansa roba ne. Da na ɗaga, fuskar 'yata ta narke ta gangaro har kan sunanta.

A ranar na ji cewa ta samu aikin kula da tsofaffi a wata ƙasar Turawa, fasfon nan kawai ake jira. Tun daga lokacin gidana ya zama kamar ɗakin jiran sakamakon gwaji. Gaisuwa take yi mini ta fita haƙƙi, ba ta ko ɗaga ido. Ta yi imani da gangan na yi. Na rantse mata ba haka ba ne, amma tsakanina da Allah, Yallaɓai, ba zan iya rantsuwa cewa hannuna bai ɗan daɗe a kan dutsen ba.

Ta sake neman wani fasfon. An ce mata nan da mako uku zai fito. Mako ukun nan su ne dalilin wannan wasiƙa.

Na farko. Shekara huɗu ke nan Falmata tana aiki a asibitinka da sunan aikin sa-kai. Farar riga iri ɗaya da ta sauran, aiki iri ɗaya, in an yi kuskure faɗa iri ɗaya, sai ƙarshen wata a tuna ba ta cikin ma'aikata. Abin da ake ba ta ko kuɗin Keke Napep daga Bolori ba ya kaiwa, ni nake cikawa. Wato ni da dutsen guga muke tallafa wa harkar lafiya. Sau biyar ana karɓar takardunta na neman aiki. Sau biyu ni na kai da ƙafata, na zauna a bencin ƙofar ofishinka tun hantsi har la'asar, aka ce a saurari sanarwa. Cikin waɗanda suka fara tare su bakwai, huɗu sun bar ƙasar. Ta baya-bayan nan ita ce Saratu, 'yar wani malamin makaranta mutumin Biu, kuma ita ta nuna wa Falmata hanya. Ba na jin haushinta. Wanda ya ga rijiya ya gaya wa mai ƙishi bai yi laifi ba.

Na biyu. Na sa an yi mini bayanin ƙasar da za ta, don kada in mutu jahili. An ce can mutum sai ya haifi ɗaya ya ce ya gaji, wani ma kare yake goyo. Tsofaffi sun yi yawa, ga kuɗi, ga magani, ba mai miƙa musu. Wai akwai ƙauyukan da ake rufe makaranta don babu yaran da za su shiga. Na yi dariya har na ƙware. A layinmu in ka jefa ƙwallon goruba sama, kan yaro zai faɗo. Ni kaɗai tara na haifa, kuma a majalisarmu rago ake kirana.

Da dariyar ta wuce sai na yi tunani. Mu ne za mu haifa, mu sha fama da ƙyanda da haƙori, in sayar da gonata ta Khaddamari in kai yarinya makarantar jinya, ku kuma ku horar da hannunta shekara huɗu a kan marasa lafiyarmu. Sai da ta nuna, wanda bai san ranar shuka ba ya zo da buhu. Ban ga laifinsa ba, shi ya san darajar amfanin gona. Mai gonar ne ya bar hatsi a fili ya ce a saurari sanarwa. Kullum ana ce mana yawanmu ne matsalarmu. To ga shi yawan namu ake bi da biza ana tsinta ɗaya-ɗaya, kuma masu kyan ake zaɓa.

Na uku. Kada a ce 'yata kwaɗayi ne ya ja ta. Yarinyar da sanyin randa ke sa ta mura, me za ta nema a ƙasar ƙanƙara? Ni ma ɗan baƙo ne. Mahaifina daga Kano ya zo Maiduguri da kan keken ɗinki a buhu, bai iya ko "wushe" ta gaisuwar Barebari ba, don ya ji ana neman tela a nan. Ba wanda ke barin tuwon gidansu don marmari. Inda ake nemanka, nan ƙafa take zuwa.

Na huɗu, kuma a nan wasa ya ƙare. Mahaifiyata tana gidana, ta haura tamanin, ga ciwon suga, ga gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa. Falmata ce ke wanke shi kullum kafin ta tafi aiki, ita ke yi mata allura, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ƙafar nan sai ita. Na gwada sau ɗaya, hannun da ya saba da sukurudireba, tsohuwa ta kore ni da carbi. In yarinyar nan ta tafi, za ta je ta wanke uwar wani da ba ta san sunansa ba, tawa uwar kuma in kawo ta asibitinka, ɗakin da nas ɗaya ke kan gadaje birjik. Falmata ta gaya wa mahaifiyarta, ba ni ba, cewa in takardar ɗaukar aiki ta riga fasfo fitowa, za ta zauna saboda kakarta. Ba albashin Turawa ta nema ba. Takarda ta nema mai ɗauke da sunanta.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe. A ba ta takardar nan cikin mako uku. In babu gurbi, a fito a faɗa mata baki da baki, a daina karɓar fayil ana tarawa. A duba sauran biyun da suka rage kafin su ma su gano ofishin fasfo. Sannan kada a huce haushin wasiƙar nan a kanta. Ba ta san na rubuta ba, wannan ma wani karambanin nawa ne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora a kan wannan kujera, ya ba ka tsawon rai. In tsufa ya zo, Allah ya sa ka samu hannu mai tausayi a kusa, wanda bai riga ya hau jirgi ba.

Ni kuma akwai bashin da ke wuyana. Har yanzu tsohuwa ba ta san komai ba. Falmata ta ce ita ba za ta iya kallon idonta ba, na ɗauki alkawarin ni zan faɗa mata. Sau uku ina shiga ɗakinta da maganar a bakina, sau uku ina ɓigewa da tambayar ko fankarta na juyawa daidai. Jiya ta ce in gaya wa Falmata ta rage yawan aiki, ta ga ta rame. Alkawarin nan ba makawa sai na cika shi. Abin da ban sani ba shi ne wane labari zan shiga da shi, kuma wannan yana kan teburinka.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Sabo mai gyaran fanka,
Bolori, Maiduguri.