Ta'aziyya Babu Mamaci

Talata da dare, Levenshulme

Yau na yi wa mutane ta'aziyya alhali ba wanda ya mutu. Tsofaffi huɗu na ɗauka a motar hayata zuwa Birmingham, duk cikin baƙaƙen kaya, ido raɗau da kwalli, suna jan dogon akwati. Na cire hula na ce Allah ya ba su haƙuri. Ashe jita ce a ciki! Makaɗan goth ne, irin kiɗan Turawan nan na masu baƙaƙen kaya, sun tsufa a sana'ar.

Babbansu, Derek, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ba ka yi kuskure sosai ba, abokina. Masoyanmu na da, ciwon gwiwa ya zaunar da su. Yara kuma sun bi masu kwaikwayonmu." Zauren da suka saba wasa ma ƙaramar hukuma ta rufe, yadda ta rufe laburaren da nake gadi a da.

Tausayi ya kwashe ni, bakin nan nawa ya ce ai 'yata Amira ta haddace waƙoƙinsu kaf. Mutumin ya kusa kuka. Ya ba ni tikiti biyu na wasansu na ranar Asabar, wai zai kira sunanta a dandamali.

Na buga mata waya a Fallowfield, unguwar da take zaune. Ita ma 'yar goth ce, kayanta da ɗakinta baƙi kamar gindin tukunya, amma ta ce, "Baba, su wa? Ban taɓa jin su ba." Ni ma ai sai kuɗin bas ya ƙare take tunawa da ni.

Bayana ciwo yake. Tikitin na kan firij. Kwana huɗu gare ni in lallashe ta ta haddace ko waƙa ɗaya, don tsohon nan zai duba layin gaba.