Hular Wayoyi da Gaisuwar Diffa

Zuwa ga ƙanwata Faridatou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya mutanen gida? Yaran ajina suna karatu kuwa? Ni lafiya lau nake, sai sanyi da ɗan ciwon kai da bai kai a faɗa ba.

Tunda kina son zama tafinta, saurara. A makarantarmu ta koyon tafinta a nan Turai an sa mini hula mai wayoyi, don a ga wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha idan mutum yana saurare yana fassara lokaci guda. Bature ya ce "Bonjour", ya faɗa zancensa. Ni kuwa yaya zan miƙa wa mutane gaisuwa tsirara? A Hausata na tambayi gajiya, na tambayi iyali, har ruwan kogin Komadugu na tambaya, kamar yadda muke yi a Diffa. Kafin in gama ya yi nisa, ina binsa ina haki. Layukan na'ura suka haukace, likitar da ke duba na'urar ta rugo da ruwa, tana tsammanin suma zan yi.

Ta ce tafinta kaya biyu yake ɗauka, ji da faɗa, ni na ɗora ladabi a kai. In ban sauke shi ba zan faɗi jarrabawa, a maido ni gida. Yanzu kullum ina gaban madubi ina koyon gaisuwar kalma ɗaya.

Ki aiko mini tattasan Gueskérou, Allah ya yi miki albarka. Kuma ki fara lallashin Inna: ranar da na dawo na ce mata "sannu" kawai na zauna, ba lalacewa na yi ba, jarrabawa na ci.

Yayanki,
Lurwanu