Ragon Sunan da Baba Yake Kiwo

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da ƙanwata Aina'u. Yaya damina a Minjibir?

Mu nan Ingila lafiya lau, Naziru yana ta karatunsa. Sai dai cikin nan nawa ya zube ranar Laraba. Kada ki damu, na ji sauƙi, har girki nake yi.

A asibiti wata nas ta so ta kwantar min da hankali, ta ce ai "blob" ne kawai. Na tambayi Naziru ma'anarsa. Ya ce haka Turawa suke kiran duk abin da ya dunƙule ba shi da siffa, kamar curin laka ko ɗigon kunu a tabarma. Ba da mugunta ta faɗa ba. Amma da a gida ne, Inna, da kin naɗe shi a farin ƙyalle an binne. Nan ban ma san inda suka kai shi ba.

Ki lallaɓa ki gaya wa Baba, ragon sunan da yake kiwo ya bar shi sai layya. Ki sa ni a addu'a. Da mace ce, sunanki za ta ci.

'Yarki,
Sakinatu